Yadda Ake Haɗa Wayar Lantarki ga Ƙaramin Jirgin Ƙasa: Darasi daga Malanville

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan yadda ake kai wutar lantarki ga ƙaramin jirgin ƙasa, irin wanda ake shimfiɗa layinsa a kan tebur. An shirya ta domin ɗalibai masu koyon rubutun bayani da Hausa, tare da malaman makaranta da ke neman hanya mai sauƙi ta nuna wa yara yadda lantarki yake aiki.

Dalilin rubuta ta ya samo asali ne daga wata ziyara da na kai Malanville, garin da ke bakin Kogin Kwara a arewacin Jamhuriyar Benin, daura da Gaya ta ƙasar Nijar. A can ne wani malamin firamare, Bahaushe, ya nuna mini wani kwali da ya saya a wurin masu kayan gwanjo. A cikinsa akwai kan jirgi guda ɗaya da taragai biyar da guntayen layin dogo masu yawa, amma babu transfomar da ya kamata ta zo da su. Da ya haɗa layin da batirin babur ɗinsa, jirgin bai motsa ba, sai wayar ta yi zafi har robarta ta fara narkewa. Ya ce mini: "Malam, ina jin ƙarfin batirin ne bai isa ba. Gobe zan gwada da soket, yara su gani." Da ya aikata haka, da ya ɗora bolt 220 a kan ƙarafa biyu tsirara a gaban yara masu miƙa hannu. Ita kuwa matsalar, kamar yadda za mu gani a sashe na 4.0, ba ta da alaƙa da ƙarfin batir.

2.0 Malanville da Jirgin Ƙasa

Yana da kyau mai karatu ya san dalilin da ya sa malamin ya damu da wannan kwali. Yawancin ɗalibansa ba su taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsu ba, alhali kuwa an daɗe ana yi wa garinsu alkawarinsa. Turawan Faransa sun fara gina layin dogo daga Kwatano a shekarar 1900, ya isa Paraku a 1936, bayan tafiyar kilomita 438. A nan ya tsaya, saura kimanin kilomita 320 ya kai bakin kogi. A wancan zamani, daga Paraku sai a sauke kaya a loda wa manyan motoci, su bi ta Kandi da Malanville, su haye gada zuwa Gaya da Doso da Yamai. A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa domin tafiyar da wannan sufuri, wadda daga baya aka sani da OCBN. A 2014 kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa layi daga Yamai, aka ƙaddamar da kimanin kilomita 140 zuwa Doso a 2016. Sai dai aikin ya tsaya a can, bayan shari'ar da aka yi a kotunan Benin kan wanda yake da haƙƙin gina layin. Ke nan dogo ya nufo Malanville ta kudu, ya kuma nufo shi ta arewa, duk bai iso ba.

Ƙaramin jirgin da ke cikin kwalin kwaikwayon babban ne, an rage shi bisa ma'auni. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage komai sau 87. Tarago mai tsawon mita 20 yakan koma santimita 23. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan babban layi, irin na Abuja zuwa Kaduna, milimita 1,435 ce, saboda haka a HO sai ta zama milimita 16.5. Layin Paraku kuwa tazararsa mita ɗaya ce, masu kwaikwayonsa a wannan ma'auni sukan yi amfani da layi mai milimita 12. Sana'ar ta daɗe a Turai. Kamfanin Märklin na Jamus, wanda aka kafa a 1859, ya fito da jirginsa mai tsararren layi a 1891. Lokacin da nake karatu a Jamus na ga dattawa suna ware ɗaki guda a gida domin wannan aiki, kuma abin da ya fi cin lokacinsu shi ne wayoyin da ke ƙarƙashin tebur.

3.0 Ƙa'ida ta Farko: Wuta Tana Zuwa Tana Dawowa

Batir yana da kai biyu, ɗaya mai alamar tarawa (+), ɗaya mai alamar ɗebewa (−). A al'adar masu gyaran wuta, jar waya ake ɗaura wa na farko, baƙa kuma ga na biyu. Wutar lantarki ba ta aiki sai ta sami hanyar fita ta kai guda, ta ratsa abin da ake so ta motsa, sannan ta koma ta ɗaya kan. Wannan hanya ita za mu riƙa kira da'ira. Idan da'ira ta yanke a ko'ina, ko da tazarar ba ta kai kaurin gashi ba, komai zai tsaya.

A ƙaramin jirgi, ƙarafan dogon nan biyu su ne wayoyin. Ana liƙa jar waya a ƙarfe ɗaya, baƙa a ɗayan. Wuta takan bi ƙarfen farko, ta hau ta ƙafafun jirgi na wannan ɓangare, ta shiga ɗan injin da ke cikin kan jirgin, ta sauko ta ƙafafun ɗaya ɓangaren, ta bi ƙarfe na biyu ta koma gida. Shi ya sa ake yin 'yan matasan da ke riƙe da ƙarafan da roba, domin kada wuta ta tsallaka daga wannan ƙarfe zuwa wancan.

Akwai ma'aunai uku da ya kamata a sani, kuma injin ban ruwa da manoman shinkafa na Malanville suke amfani da shi zai taimaka wajen fahimtarsu. Bolt shi ne ƙarfin turi, kamar ƙarfin da inji yake tura ruwa da shi. Amfiya ita ce yawan wutar da ke wucewa, kamar yawan ruwan da ke fita daga bakin tiyo. Om kuwa shi ne turjiyar hanya, kamar ƙuncin tiyon. Wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ya bayyana dangantakarsu a 1827: idan aka raba bolt da om, sai a sami amfiya. Inda misalin ya gaza shi ne, ruwan da aka zuba a gona ba ya komawa cikin inji, ita kuwa wuta tilas ta koma.

Jirgin HO na gama-gari yana aiki da wuta mai bin hanya ɗaya, irin ta batir, wadda ba ta wuce bolt 12 ba, kuma ba kasafai yake jan fiye da amfiya ɗaya ba. Yawan bolt shi ke ƙayyade gudu. Wanda ba shi da na'urar rage gudu yana iya jera batira na tocila masu bolt 1.5: guda huɗu su ba da bolt 6, shida su ba da 9, takwas su ba da 12. Inda jirgi zai nufa kuwa ya danganta ne da ƙarfen da ke ɗauke da jar waya. Masu ƙerawa sun yi ittifaƙi cewa jirgi zai tafi ne ta yadda jan ƙarfen dogon zai kasance a hannunsa na dama. Idan aka musanya wayoyin biyu, sai ya koma da baya. Ana yin wannan musanya da makunni mai ƙafa shida, wanda ake samu wurin masu gyaran rediyo. Ƙafa biyu na tsakiya su tafi layi, biyu na gefe ɗaya su karɓi wuta daga batir, sannan a ɗauko gajerun wayoyi biyu daga gare su a gicciya zuwa biyun da suka rage.

4.0 Ƙa'ida ta Biyu: Ƙarafan Biyu Ba Sa Haɗuwa

Wuta kullum tana son hanya mai sauƙi. Idan wani ƙarfe, kamar ƙusa ko maɓalli ko cokali, ya kwanta a kan ƙarafan dogo biyu, wutar za ta bi ta cikinsa ta koma ba tare da ta shiga inji ba. Wannan shi ake cewa waya ta haɗe. Da yake turjiyar irin wannan hanya kusan babu ce, amfiya takan yi yawa ƙwarai, waya ta yi zafi, jirgi kuma ya ƙi motsi.

Abin da ya sami malaminmu ke nan. Da muka ɗauke taragan ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga da zarar an cire wani koren tarago, jirgin yana tashi. Dalili kuwa shi ne, ba duk jiragen HO ne tsarinsu ɗaya ba. A tsarin da muka bayyana, akwai 'yar roba tsakanin ƙafa da sandar da ta haɗa ta da 'yar'uwarta, domin kada wuta ta ƙetare. Tsarin Märklin dabam yake: wuta tana zuwa ta wasu 'yan ƙusoshi da ke jere a tsakiyar layi, ƙarafan biyu kuma duka hanyar komawa ce, saboda haka babu bukatar raba ƙafafun. Koren taragon na wannan tsari ne, mai gwanjo ya haɗa shi da sauran a kwali ɗaya. Sandarsa ta ƙarfe ita ce ta haɗe layin. Don haka duk wanda ya sayi irin wannan kaya, ya fara duba ƙarƙashin kan jirgin. In ya ga wani dogon falle na ƙarfe a tsakiya, mai kama da harshe, to na tsarin ƙusoshin tsakiya ne. Taragai kuma a ɗora su ɗaya-ɗaya ana lura.

Haɗewa ba ta da makawa, domin ko jirgi ya goce daga layi yana iya jawo ta. Abin da ake bukata shi ne kariya, kuma ga matakai uku.

Na farko, kada wutar soket ta kusanci layi ko kaɗan. Wutar gida a Benin da Nijar da Nijeriya tana tsakanin bolt 220 da 240, tana kuma iya kashe mutum. Idan za a yi amfani da ita, sai ta bi ta rufaffiyar adafta wadda aka rubuta a jikinta cewa tana fitar da bolt 12, kuma a ajiye adaftar nesa da hannun yara.

Na biyu, batirin babur ko na mota ko na sola, duk da cewa bolt 12 ne kuma taɓa shi ba ya jan mutum, yana iya fitar da amfiya masu ɗimbin yawa idan waya ta haɗe, har ya tayar da gobara. Wajibi ne a sa fis mai amfiya 2 a kan jar waya, dab da kan batirin.

Na uku, akwai wata dabara mai arha. A sa ƙwan mota mai wat 21, irin na sigina, a kan jar waya tsakanin batir da layi, ta yadda duk wutar da za ta je layi sai ta ratsa shi. Muddin jirgi yana tafiya lafiya, ƙwan ba ya kamawa, ko kuma ya ɗan yi ja kawai. Da zarar layi ya haɗe, sai ya haska sosai, ya kuma tsayar da wutar a ƙasa da amfiya 2. Ya zama mai gadi kuma mai shela. A aji, babu abin da ya kai shi saurin fahimtar da yara ma'anar haɗewa.

5.0 Uwar Waya da 'Ya'yanta

Sau da yawa akan ga jirgi yana gudu kusa da inda aka liƙa waya, amma idan ya yi nisa sai ya yi sanyi. Dalilin shi ne, guntayen layi ana haɗa su ne da 'yan maƙalai na ƙarfe, kuma kowane maƙali yana da tasa turjiyar, musamman idan ya saki ko ya yi tsatsa. Ita ma waya siririya tana cin nata rabon. Alal misali, wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 0.2, idan ta yi mita 5 zuwa da mita 5 dawowa, turjiyarta ta kai kimanin om 0.85. Jirgi mai jan amfiya ɗaya zai yi asarar bolt 0.85 a hanya. In ana tafiya a hankali da bolt 4, fiye da kashi ɗaya cikin biyar ke nan ya salwanta. Wayar gida mai kaurin 1.5 kuwa, a wannan tsawo, asararta ba ta wuce bolt 0.12 ba.

Maganin abin shi ne a ja wayoyi biyu masu kauri, ja da baƙa, a ƙarƙashin katakon, su bi duk inda layi ya bi. Waɗannan su ne uwar waya. Daga gare su sai a riƙa fitar da gajerun wayoyi sirara, a huda katako, a liƙa su da dalma a gefen ƙarfen dogo na waje, inda ƙafar jirgi ba za ta taɓa ba. A yi haka a kowace mita guda ko kusa da haka. Sharaɗin kawai shi ne kada a kuskure launi. Hanyar tabbatarwa ita ce a manna jar takarda a gefe ɗaya na wani tarago, a tura shi da hannu ya zaga layin duka. Duk ƙarfen da ke ƙarƙashin jar takardar, jar waya ce tasa.

Yanayin wurin ma yana da tasiri. Ƙurar hunturu takan kwanta a kan ƙarafa ta yanke da'ira, laimar damina a bakin kogi kuma takan sa tsatsa. A riƙa goge layi da ƙafafun jirgi da tsumma mai ɗan sifirit. A guji takardar goge katako, domin tana barin zane-zanen da datti zai maƙale a ciki. Idan an gama, a rufe teburin da zane.

6.0 Mararraba da Tasha

Inda layi ya rabu biyu, wato mararraba, akwai wurin da ƙarfen dama na wannan reshe yake gicciye ƙarfen hagu na wancan. Ja da baƙi ke nan suka zo wuri ɗaya. Masu ƙerawa sukan sa 'yar roba a wannan gaɓa domin raba su. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce, a shigar da wuta daga ɓangaren da layi yake guda ɗaya, ta bi ta mararraba zuwa rassan.

Idan jiragen biyu ne a layi ɗaya, duka za su tashi tare su tsaya tare, tunda wuta ɗaya suke sha. Domin a ajiye ɗaya a tasha ɗayan ya wuce, sai a yanke ƙarfe guda na reshen tashar da ƙaramin zarto, a cusa 'yar roba a tsagar, sannan a kai wa wannan yanki wuta ta makunninsa na kansa. In reshen yana komawa babban layi ta ɗaya ƙarshen, wuri biyu za a yanke. An kashe makunni, jirgin da ke tasha ya tsaya. Akwai sabon tsari da ake kira DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus, ya kuma yaɗu a shekarun 1990. A cikinsa wuta tana kan layi koyaushe, kowane kan jirgi yana da 'yar na'ura mai lamba da ke karɓar umarninsa shi kaɗai. Yana rage yawan makunnai, amma yana da tsada, kuma ƙa'idoji biyun da muka ambata suna nan daram a cikinsa.

7.0 Matsalar Juyowa a Ƙarshen Layi

Malamin ya so teburinsa ya nuna hanya daga Paraku zuwa Malanville, jirgi ya iso bakin kogi, ya yi kwana ya koma ta layin da ya zo. Wannan yana bukatar layi ya lanƙwashe kamar bakin igiyar zarge ya dawo ya haɗu da kansa. A nan ne mafi yawan masu koyo suke faɗawa rami. A gwada da taragon nan mai jar takarda: zai shiga lanƙwasar da takardarsa a kan jan ƙarfe, ya fito tana kan baƙi. Ma'ana, siffar layin da kanta ta haɗa ja da baƙi, ko babu jirgi a kai.

Gyaran shi ne a yanke ƙarafan biyu duka a mashigar lanƙwasar, a sake yanke su a mafitarta, ta zama yanki mai zaman kansa wanda ya fi jirgin da taragansa tsawo. Sai a sa makunni mai ƙafa shida guda biyu, ɗaya na babban layi, ɗaya na lanƙwasa, kowanne yana karɓar wuta kai tsaye daga batir. Kafin jirgi ya shiga, a daidaita na lanƙwasa da na babban layi. Idan ya shige gaba ɗaya, sai a juya na babban layi. Lokacin da zai fito, zai tarar da ja a damansa kamar yadda yake bukata. Wanda ya manta bai juya ba, ƙwan motar nan zai tuna masa.

8.0 Kammalawa

Kayan da aikin ya ci a Malanville ba su da yawa: batirin babur, fis, ƙwan mota, makunni uku, 'yan mitoci na waya ja da baƙa, da dalmar da wani mai gyaran rediyo ya liƙa mana. Koren taragon kuwa an ajiye shi a gefe, malamin ya ce da shi zai riƙa fara darasi: ya ɗora shi a layi, ƙwai ya haska, ya tambayi yara dalili.

Ga ɗaliban wannan sashe, akwai aiki biyu. Na ɗaya, a sake rubuta sashe na 7.0 cikin jimloli goma, yadda ɗan aji shida na firamare zai gane ba tare da zane ba. Na biyu, a je wurin mai gyaran wuta ko mai gyaran rediyo a unguwa, a tambaye shi kalmomin da yake amfani da su a madadin da'ira da haɗewa da turjiya da uwar waya. A rubuto abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, tare da garin da ya koyi sana'a, domin kalmar mai gyara na Kano ba lallai ta zama ɗaya da ta na Maraɗi ko na Malanville ba, inda Faransanci da Dandanci suke maƙwabtaka da Hausa. Za mu kwatanta su a aji, mu ga wadda ta fi dacewa a riƙe.